Ayarin da Ba Shi da Madugu: Kiwon Ƙananan Kifin Ado a Zangon Kumasi

Bayan sallar isha'i, lokacin da masu shayi da masu tsire suka kunna fitilunsu a bakin titin Aboabo, akwai wani ɗaki a gidanmu da yara ke cika kamar ana rabon alewa. Abin da ke tara su akwatin gilashi ne mai tsawon kamu ɗaya da ɗoriya, cike da ruwa garau, da ciyayi kore shar a ciki, ga wasu kifaye goma waɗanda babu wanda ya kai tsawon ɗan ƙaramin yatsa. Su tafi tare, su juya tare, su tsaya cak tare, kamar an ɗaure su da zare guda. Idan yaro ya matso da fuska da sauri sai su dunƙule wuri ɗaya. Ya ja da baya, su watsu cikin ganye.

Ranar da Gwaggo ta fara ganinsu ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, "To ɗana, yaushe za su girma a sa a miya?" Na ce, "Gwaggo, iyakar girmansu ke nan." Ta riƙe haɓa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kiwon da ba nama ba romo ba. Maganarta kuwa da tushe. Mu a zango kifi abin tukunya ne: banda da ake kasawa a kasuwar Asawase, tarwaɗa, karfasa da ake gasawa a ci da banku. Kiwo kuma na ragon layya ne, ko tattabaru a kan kwano, ko zomo a bayan ɗaki. Sai dai duk wanda ya taɓa hawa kwano da asuba don tattabara ya san akwai kiwon da ribarsa a ido da zuciya take. Yau Gwaggon nan ita ke tuna mini idan na manta ban ba su abinci ba.

Baƙi daga uwa duniya

Zango masaukin ayari ne. Kakanninmu sun biyo hanyar Gwanja neman goro, suka yi kasuwa a Salaga. Bayan yaƙin da ya watsa garin a 1892, da zuwan Turawan Ingila ƙasar Tonawa a 1896 da 1900, da yawa suka gangaro Kumasi. Hausawa, Mosawa, Dagombawa, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani da Yarabawa suka zauna lungu ɗaya. Abin da ya riƙe wannan zama shi ne maigida: ya sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya san wanda zai haɗa ɗaki da wa, in an samu matsala shi ake nema. Mai akwatin kifi irin wannan maigida ne, domin baƙinsa ma daga nahiyoyi daban-daban suke, kuma ba su da ikon tashi su nemi wani masauki.

Ga neon tetra, ɗan kifin da ke da zane shuɗi mai walƙiya daga ido zuwa kusa da wutsiya, da ja a rabin cikinsa na baya. Asalinsa ƙoramun yammacin Amazon, ta wajen Peru da Kolombiya da Brazil. A 1936 masanin kifi George Myers na Amurka ya rubuta bayaninsa, ya raɗa masa sunan William Innes, marubucin littattafan kiwon kifin ado. Yau mafi yawan waɗanda ake sayarwa a duniya a gonakin kifi na kudu maso gabashin Asiya ake ƙyanƙyashe su. Ɗan'uwansa kadinal tetra, wanda aka yi wa suna a 1956, jan nasa ya bi cikin gaba ɗaya, kuma daga kogin Negro na Brazil yake fitowa.

Daga Indiya da Bangaladash akwai zebra danio, mai ratsi-ratsi kamar jakin dawa, wanda Francis Hamilton ya bayyana tun 1822. Ba ya gajiya da zirga-zirga, kuma yana da juriya, shi ya sa ake ba ɗan koyo shawarar farawa da shi. Wannan ɗan mitsitsin kifi shi ne kuma likitoci ke nazari a ɗakunan bincike: da aka kammala karanta kundin halittarsa a 2013, an ga kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa. Daga Malesiya da Sumatra akwai harlekwin rasbora, mai launin jan ƙarfe da baƙin tabo mai kusurwa uku. A ƙasan akwati kuma sai koridoras, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa daga Amurka ta Kudu, wanda ke yini yana shinshina yashi da gashin baki.

Wanda yaran zango suka fi sani shi ne gupi. Sunan ya fito daga Robert Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa Landan daga tsibirin Tirinidad a 1866. An baza shi ƙasashe masu zafi da dama don ya ci tsutsar sauro. Macen ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, kusan duk bayan mako huɗu. Mai lumana ne, amma ba ɗan ayari ba ne sosai, kuma wanda ya haɗa mace da namiji ya shirya wa taron suna da ba ya ƙarewa.

Me ya sa ba a sayen guda biyu

Kuskuren da aka fi yi a wurin saye shi ne tsince: biyu daga wannan, ɗaya daga wancan, saboda a samu launi iri-iri. Kifin ayari idan ya rasa 'yan'uwansa sai launinsa ya dushe, ya maƙale bayan dutse, ya ƙi cin abinci, ƙaramar cuta ta kayar da shi. A kogi ƙaramin kifi abincin kowa ne, kuma garkuwarsa ita ce yawa. Idanu ɗari sun fi biyu hango abokin gaba, kuma maharin da ya faɗa cikin taro mai walƙiya yakan rasa wanda zai bi.

Abin mamaki a nan, ayarin fatake yana da madugu da jagaba, na kifi kuwa ba shi da shugaba. Kowane ɗaya yana lura da na kusa da shi ne kawai, da ido, da kuma wata jijiya da ta bi tsawon gefen jikinsa, wadda ke jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa. Wanda ke gaba yanzu, da zarar an juya ya koma na baya. A 1938 Karl von Frisch, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya gano cewa idan aka ji wa wani ƙaramin kifi rauni, fatarsa na sakin wani sinadari a ruwa da ke sa sauran su firgita su gudu. Ke nan har gangamin gargaɗi suna da shi.

Saboda haka ƙa'idar masu kiwo ita ce kada iri ɗaya ya gaza shida, goma kuwa ta fi. Gara iri biyu masu yawa da iri bakwai marayu. A akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, wanda ke ɗaukar lita 54, rasbora ko tetra goma a tsakiyar ruwa da ƙananan koridoras shida a ƙasa sun isa. Wanda ya ƙara a kan haka ya san yadda gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya yake da safe.

Ruwa ake kiwo

Darasin nan da asara na koye shi. Akwatina na farko, ranar da na saye shi ranar na cika shi da ruwan famfo, na zuba kifaye goma sha biyu kafin magariba. Kwana uku suna wasa, ina kiran abokai su zo kallo. A na huɗu na ga suna tasowa sama suna haki. Kafin mako ya zagayo na kwashe goma da cokali. Na zargi mai sayarwa, har na ce baki aka yi mini. Laifin nawa ne ni kaɗai, ruwan kuwa har ranar ƙarshe garau yake kamar hawaye.

Abin da ke faruwa shi ne, kifi na fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙarsa da kuma kashinsa, ragowar abinci da ya ruɓe ma na ƙara shi. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce. A kogi ruwa na tafiya da ita. A akwati kuwa sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani sun zauna a cikin soson matata da tsakuwa: wani rukuni ya mayar da amoniya nitrait, wadda ita ma guba ce mai hana jini ɗaukar iska, wani rukunin ya mayar da nitrait zuwa nitret, wadda kifi ke iya jure wa in ba ta taru da yawa ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. A wannan lokaci ana barin matata na aiki ba kifi, ana jefa ɗan garin abinci kowace rana don ƙwayoyin su samu abin ci. Hanyar da ta fi sauri irin ta mai nono ce: kamar yadda ake ɗiban tsohon kindirmo a zuba a sabuwar madara, haka ake roƙon tsohon soso daga akwatin wani mai kiwo a sa a sabon.

Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma ana sa masa kulorin don kashe cuta. Abin da ke kare mu shi ke ƙone mashaƙar kifi, ya kuma kashe bakteriyar da aka yi wata guda ana reno. Ana sayar da maganin da ke kashe kaifinsa nan take. In babu, a bar ruwan a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu ana kaɗa shi, ko da yake akwai wani nau'i mai suna kuloramin da ba ya fita da ajiya, don haka maganin ya fi tabbas. Ruwan rijiya ba shi da kulorin, amma rijiyar da ke maƙwabtaka da masai ko kwata tana iya zuwa da nata dattin, sai an gwada.

Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana bin tsakuwa don kwashe datti, a mayar da sabo. A akwatin lita 54 wannan bai wuce lita 13 ko 14 ba, wato wajen rabin jarkar nan rawaya da muke kira galan ɗin Kufuor. Ba a juye ruwan gaba ɗaya, ba a kusantar da sabulu, soso kuma a cikin ruwan da aka zuƙo ake matse shi. Bokitin kifi ya zama nasa shi kaɗai, a rubuta masa suna in ya kama, domin a gidan yawa bokiti ba ya da mai shi. Teburin ma a duba: lita ɗaya kilo ɗaya ce, akwatin nan da tsakuwarsa ya fi buhun siminti nauyi.

Zafi, dumso da maganin sauro

Allah ya hutar da mu daga abin da Bature ke kashe kuɗi a kai, wato ɗumama ruwan akwati. Yawancin kifayen nan suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27, abin da ɗakin Kumasi ke bayarwa kyauta a mafi yawan shekara. Damuwarmu zafin Fabrairu da Maris ne, lokacin da ɗaki mai rufin kwano ke zama tanda. Ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Neon ya fi son ɗan sanyi, kadinal da rasbora da gupi sun fi shi jure zafi. Akwai wani ɗan kifi na ƙasar Sin da ake kira farin gajimare, wanda aka gano a 1932 a wani dutse kusa da Guangzhou. Kyakkyawa ne, amma ruwan sanyi yake so, bai dace da ɗakunanmu ba. A ajiye akwati nesa da taga, don rana na ɗumama ruwa tana kuma haifar da gansakuka. In zafi ya tsananta a juya fanka ta busa saman ruwan. A daren hunturu na Disamba da Janairu kuma a rufe taga, domin faɗuwar ɗumi farat ɗaya ita ke buɗe ƙofa ga cutar farin ɗigo, wadda ke sa kifi ya zama kamar an barbaɗa masa gishiri.

Wanda ya ga dumso na 2012 zuwa 2016, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, ba ya bukatar a gaya masa wuta baƙuwa ce. Da ta ɗauke, famfon iska da matata sun tsaya. Akwai ƙananan famfuna masu batir, da masu aiki da abin cajin waya na hannu, kuma ya kamata a saye su tun kafin a sayi kifi. In babu, a ɗebi ruwan akwatin da kofi a zubo shi daga sama sau da yawa, a maimaita lokaci-lokaci. A daina ba da abinci har wuta ta dawo. Lafiyayyen kifi yana kwana biyu ko uku bai ci ba, kuma yawan abinci ya fi yunwa kashe su. Abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, shi ne ma'auni. A gaya wa yaran gida wannan da babbar murya, don kowannensu zai so ya yi wa kifi alheri da gutsuren burodi.

Sai abokin gaban da littattafan Turai ba su cika ambata ba: maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadarin da ke kashe kifi ko da ɗan kaɗan ya sauka a ruwa, famfon iska kuma shi ke zuƙo hayaƙin ya tura ciki. Asarata ta biyu ke nan, dare ɗaya da wani ya fesa ɗakin ba na nan. Tun daga ranar gidan sauro nake kwana. In fesawa ta zama dole, a kashe famfo, a lulluɓe akwatin da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe sai ɗakin ya sha iska.

Wanda ba a ba masauki

Duk kifin da bakinsa zai ɗauki maƙwabcinsa, wata rana zai haɗiye shi. Ɗan tarwaɗa ko ɗan karfasa da yaro ya kamo a rafi yau abin tausayi ne, bayan wata biyu shi kaɗai za a tarar. Kifin zinariya yana girma, yana ɓata ruwa, yana son sanyi. Taiga bab yana tsinke wutsiyar gupi. Enjel, duk kyansa, in ya girma neon abincinsa ne. Sabon baƙo kuma, komai lafiyar da ya nuna, a ware shi mako biyu ko fiye a wani ƙaramin akwati. Ranar saka shi a bar ledarsa ta yi iyo a saman ruwa kamar minti 20, a riƙa ƙara mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a ɗauke shi da raga, a zubar da ruwan ledar waje.

Ciyayi ma maƙwabta ne. Suna shan nitret, suna ba kifi maɓoya, kuma kifin da ya san yana da wurin ɓuya shi ya fi fitowa fili. Kainuwa da muka sani tana yi, in ana rage ta kada ta rufe saman ruwa. Anubiyas kuwa, wadda ake sayarwa a shagunan Jamus da Japan, tsiron bakin ƙoramun Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce. Ba ta son haske mai yawa, a jikin dutse ko itace ake ɗaure ta, ba a binne saiwarta mai kauri.

Namu na gida

Anubiyas ba ita kaɗai ce tamu ba. Akwai ɗan kifin da masana ke kira Poropanchax normani, wanda bai wuce santimita huɗu ba, saman idonsa na ƙyalli shuɗi kamar an kunna fitila. Yana nan a rafukan Afirka ta Yamma, daga Senegal har Chadi, da Ghana da Nijeriya a ciki, kuma ɗan ayari ne mai lumana. Akwai Brycinus longipinnis, dangin kawara, mai son babban akwati. Daga Legas an daɗe ana fitar da kifin ado na kogunan Nijeriya zuwa Turai da Amurka. A Barcelos ta Brazil kuwa gari guda ya rayu shekaru a kan kamun kadinal, har suna yi masa biki duk shekara, kuma masu kamun sun gane cewa in daji ya ƙone ko ruwa ya ɓaci, abincinsu ne ya tafi.

Mu fa? Duk wanda ya tsaya a bakin kogin Offin ko na Pra a 'yan shekarun nan ya ga abin da galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya yi: ruwa ya koma kalar koko. Offin ɗin nan a kansa aka gina Barekese da muke sha. Rafin Subin da na Aboabo da suka ratsa gari sun zama kwata, leda ta fi ruwa yawa. Yaron da ya ga abin da ɗigon sabulu ke yi wa lita 54 ba zai sha wuyar gane abin da sinadarin wanke zinariya ke yi wa kogi ba. Jami'ar KNUST da ke nan cikin gari tana da sashen nazarin kifi da kula da magudanan ruwa, kuma ba abin da zai hana ɗan Sawaba ko Yalwa da ya fara da gupi a kwalba ya ƙare a can.

Gargaɗi ɗaya ya rage. Wanda ya gaji da kiwo ya ba wani kyauta, kada ya saki kifin a rafi. Tafkin Bosomtwe, mai nisan kusan kilomita 30 kudu maso gabas da Kumasi, ramin da dutse daga sama ya haƙa ne kimanin shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Ruwansa ba ya fita ko'ina, yana da kifin da ba a samu a wani wuri, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa a 2016. A tafkin Victoria na Afirka ta Gabas an zuba giwan ruwa a shekarun 1950, aka wayi gari kusan iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace.

Mun ji daga malamai labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kifin akwati ya fi kyanwar nan rashin mafita, ba ya kuka, ba ya yaƙushin ƙofa. Don haka ya kai uba, idan ɗanka ya zo yana roƙon kuɗin kifi, ka fara saya masa akwati da matata da bokiti, ka ce ya yi wata guda yana kula da ruwa ba kifi. In ya cika watan bai gaji ba, ka raka shi ya zaɓo goma iri ɗaya.